Jinin Baba da kalar zoɓo

A shekarata ta farko a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Kano, aka kawo jinin wani dattijo daga Kurna wanda ya gama karɓar maganin dajin kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma. Sau shida aka yi masa ƙarin ruwan maganin, duk bayan kwana 21, har kumburin wuyansa ya sace. Likita ya rubuta a duba LDH.

LDH wani sinadari ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki. Idan ƙwayoyin suna mutuwa da yawa, kamar yadda na daji ke yi, sai ya malalo cikin jini. Shi ya sa tun 1993 yake cikin ma'aunin IPI da ake hasashen makomar mai irin wannan ciwo da shi, tare da shekaru sama da 60, da matakin da ciwon ya kai, da ƙarfin jikin majiyyaci, da yaɗuwarsa zuwa wasu gaɓoɓi. Na haddace su kamar karatun allo. Abin da ban riƙe ba shi ne, kafin a fara magani ake wannan lissafi, ba bayan an gama ba.

Na'ura ta fitar da lamba, ta ninka wadda ya kamata a gani ga mai lafiya. Ɗan dattijon kuwa yana tsaye bakin taga.

"Malam, ya takardar Baba?"

Na ce sai likita ya gani, amma fuskata ta riga ta yi magana. Ya juya ya fita yana latsa waya.

Har na ɗauki biro zan sa hannu, sai shugabarmu, wata Hajiya da ta kusa ritaya, ta ɗaga kwalbar ta haska ta a taga. Ruwan da ya taso saman jinin, wanda ya kamata ya zama rawaya-rawaya, ja ne kamar zoɓon da aka cika wa ruwa.

"Ɗana, wa ya ɗebi jinin nan?"

Ashe a wani ƙaramin asibitin unguwa aka ɗiba da siririyar allura, aka tura shi cikin kwalba da ƙarfi, sannan ya sha jijjigar adaidaita sahu a aljihu, cikin zafin Afrilu. Jajayen ƙwayoyin jini sun farfashe, su kuwa LDH ɗin da ke cikinsu ya ninka na ruwan jini fiye da sau ɗari. Fashewarsu muka auna, ba dajin ba.

Daga baya ta zaunar da ni ta lissafa mini sauran masu ɗaga wannan lamba: zazzaɓin cizon sauro, sikila, ciwon hanta. Wanne ne ba ma gani kullum a Kano? Na kawo mata zancen gwajin da ake yi a Amurka da Turai, na neman ɓurɓushin DNA na dajin a cikin jini bayan magani, wanda ya fi LDH nuna ko ciwon zai dawo. Ta ce ta ji labari, amma in fara koyon kallon kwalba tukuna.

Washegari Baba ya zo da kansa, na ɗebi jinin da hannuna a hankali. Lambar ta fito daidai. Da ɗansa ya dawo daga wajen likita sai ya tsaya bakin tagar nan, ya ce mini jiya har ya kira 'yan'uwa na ƙauye, wasu ma sun riga sun hau mota.