Daga Victoria zuwa Endeavour: shekara uku a bayan Opportunity cikin rairayin Mars

A watan Satumbar 2008 muka tashi daga bakin ramin Victoria a duniyar Mars. Motar bincike Opportunity ita kaɗai ke taka ƙasa, mu 'yan rakiya kowa yana gaban kwamfutarsa a wani lungu na duniya. Ni a wani shagon intanet a Zariya nake bin ayarin, ina jiran hotunan da hukumar NASA mai binciken sararin samaniya ta Amurka ke sakawa ɗanyensu yadda suka sauko daga duniyar Mars, baƙi da fari, ba kwaskwarima. Yaron shagon ya taɓa leƙo kafaɗata ya ce, "Malam, wai kuɗinka kake biya don ka kalli yashi?" Na ce masa ƙwarai kuwa, ya ƙara mini awa ɗaya.

Opportunity 'yar mota ce mai taya shida, nauyinta kusan kilo 185, da hasken rana take aiki. Ta sauka a filin Meridiani ranar 25 ga Janairun 2004, aka ɗiba mata kwana 90 na Mars. Lokacin da muka tashi ta haura shekara huɗu da rabi tana aiki, kuma tsufa ya fara nunawa: sitiyarin tayar gaba ta dama ya sandare tun 2005, kafaɗar hannunta ma ta yi tsami. A haka aka nufa da ita Endeavour, rami mai faɗin kilomita 22 da ke kudu maso gabas. Nisan a miƙe kilomita 12 ne, kusan daidai da duk abin da ta taka tun saukarta. Madugun masanan, Steve Squyres na Jami'ar Cornell, bai ɓoye wa kowa ba cewa mai yiwuwa ba za a kai ba.

Ƙasar da muka shiga shimfiɗe take, ba tudu ba itace, ba abin da ido zai kama ya huta. Abin da ke cikinta rairayi ne da iska ta jera layi-layi daga arewa zuwa kudu, tamkar kunyoyin gonar da aka huɗe aka manta ba a shuka ba. Tsakanin kunya da kunya wani lokaci fararen duwatsu masu tsattsagewa kan leƙo, shimfiɗaɗɗu, a kansu kuma 'yan ƙwallaye na tama ne birjik, waɗanda motar ta fara gani tun makonninta na farko. Duk hikimar tafiyar a karatun waɗannan kunyoyi take. In ka bi kwarinsu ka yi kudu, tafiya lafiya lau. In ka ce gabas za ka yi, sai ka hau kowace ɗaya ka sauka, kuma ba ka san wadda za ta riƙe ka ba.

Direbobin da ke JPL, cibiyar NASA da ke tafiyar da motar, a Pasadena ta jihar Kalifoniya sun riga sun ɗanɗana. A ƙarshen Afrilun 2005 sun tura motar a makance, wato an ba ta nisan da za ta yi ba tare da tana duba ko da gaske tana gaba ba. Ta hau wata kunya da tsayinta bai wuce santimita 30 ba, ta kafe. Tayoyin suka ci gaba da juyawa suna ƙirga mitoci, motar na nan inda take, tana haƙa wa kanta rami har rairayi ya kusa binne su. Tayoyin alminiyam ne, babu iskar da za a rage, babu wanda zai sauko ya tura, babu katakon da za a cusa a ƙarƙashi. Injiniyoyi suka haɗa ƙasa mai kama da ta wurin a Pasadena, suka kafe wata motar irinta da gangan, suna gwada dabaru. Abin da ya yi aiki shi ne mafi sauƙi: a koma da baya ta inda aka shigo, a yi ta murza taya. Sai 4 ga Yuni ta fito, bayan tayoyin sun yi juyin da a ƙasa mai tauri zai kai mita 192, don ta matsa kimanin mita ɗaya. Aka raɗa wa wurin suna Purgatory.

Saboda haka ba a miƙe hanya ba. Kumbon Mars Reconnaissance Orbiter, wanda kyamararsa ke iya ganin abu mai girman mita ɗaya daga sama, ya nuna inda manyan kunyoyin suke, aka zana hanya ta kewaye su. Muka yi kudu, har da ɗan karkata yamma, wata da watanni, Endeavour na hagu da mu muna wuce shi. Kilomita 12 ta zama 21. An kuma koya wa motar ta riƙa tsayawa tana ɗaukar hoton ƙasa, ta gwada da na baya, ta ga ko nisan da tayoyi suka ƙirga shi ne nisan da ta yi. In santsi ya yi yawa sai ta tsaya cak ta jira umarni.

Ba a tuƙa ta kai tsaye, domin saƙo kan yi minti huɗu zuwa sama da ashirin kafin ya isa, gwargwadon nisan duniyoyin biyu. Da safiyar Mars ake aika mata aikin yini gaba ɗaya ta manyan faya-fayan sadarwa da ke Goldstone da Madrid da Kanbera. Ta yi tafiyarta, galibi mita ɗari ko ƙasa da haka, da la'asar ta miƙa rahoto ga kumbon Mars Odyssey idan ya gifta ta samanta. Kwanan Mars ya fi namu da kusan minti 40, don haka lokacin saukar hotuna kullum matsawa yake. Yau da hantsi, bayan mako biyu cikin dare. Hoton da na fi jira shi ne wanda take ɗauka idan ta yada zango. A cikinsa za ka ga sawun tayoyi biyu sun miƙe har inda ƙasa ta haɗu da sama, kuma daga zurfin sawun kana iya cewa yau ta sha wuya ko ta samu dutse ta taka. Inda ta tsallaka kunya, sawun kan yi zurfi a hawa, gefensa ya rushe, ɓawon saman ya fashe ya tona ƙura mai haske da ke ƙasa.

Kuma yawancin wannan hanya da baya-baya ta yi ta. Injin tayar gaba ta dama ya fara jan wuta fiye da sauran, alamar giris bai wadace shi ba. Injiniyoyi suka ga idan an juya ta tana tafiya da baya, ana kuma hutar da ita lokaci-lokaci, tayar kan lafa. Wani sa'in nakan manta, in ɗauka sawun da nake gani a hoton gaba hanyar da za mu bi ce, alhali wadda muka baro ce.

A watan Maris na 2009 bakin Endeavour ya fara leƙowa, 'yan ɗigo-ɗigo a ƙarshen gani, sai ka ƙara girman hoton sosai kafin ka yarda tuddai ne. Bayan makonni kaɗan labari mara daɗi ya zo daga ɗaya gefen Mars. Tagwaininta Spirit, wadda dama tana jan taya ɗaya matacciya tun 2006, ta burma cikin ƙasa mai laushi da ɓawo ya rufe a wani wuri da aka kira Troy. An yi watanni ana fama ba ta fito ba, sanyin hunturu ya same ta fuskarta ba ta kallon rana sosai, aka ji ta na ƙarshe ranar 22 ga Maris 2010. Daga lokacin na daina ƙorafin cewa direbobin Opportunity sun cika tsoro.

Ƙorafin da ban daina ba shi ne na tsaye-tsaye. A Yulin 2009 an riga an wuce wani baƙin dutse, sai aka hango shi a hoto, aka juyo da motar ta koma. Block Island ke nan, curin ƙarfe da nikel mai faɗin kusan santimita 60 da ya faɗo daga sararin samaniya. Masana suka ce girmansa, da yadda bai tarwatse ba, na nuna iskar Mars ta fi kauri lokacin da ya faɗo. Na yarda abin dubawa ne, amma makonni aka yi a kansa, mota tsohuwa, hanya ko rabi ba a yi ba. Daga nan dutsen Shelter Island, sai dutsen Marquette Island da ya cinye Nuwamba zuwa Janairu, sai ɗan ramin Concepción. A Mayun 2010, tana cikin rairayin nan, ta zarce kumbon Viking 1, wanda ya sauka a 1976, a daɗewa ana aiki a doron Mars, shekara shida da kwana 116.

Da muka karya gabas kunyoyin suka fara ƙanƙancewa, tafiya ta yi sauri. A Disambar 2010 muka sauka Santa Maria, rami mai faɗin mita 90, muka daɗe har Maris, domin a tsakiyar zaman rana ta shiga tsakanin duniyarmu da Mars, aka dakatar da aika umarni na kusan mako biyu. Bayan nan sai gudu, irin gudun da motar da ba ta wuce santimita biyar a daƙiƙa za ta iya. Tuddan suka tashi daga ɗigo suka zama tuddai na gaske, masu gangare da inuwa.

Ranar 9 ga Agustan 2011 ta isa gefen Endeavour, a kudancin wani tudu mai suna Cape York. Wurin da ta fara takawa aka sa masa Spirit Point. Awon tafiyarta ya nuna kilomita 33 da rabi tun sauka. Daga baya JPL ta haɗa hotunan zango 309 ta yi ɗan bidiyo, ta sa ƙarar da aka samo daga girgizar jikin motar: a kan dutse kakkaf-kakkaf, a kan rairayi kusan shiru. Shekara uku cikin 'yan mintuna, kuma rabinsa sai ka rantse hoto ɗaya ne ake maimaitawa.

Dutsen farko da ta duba a nan, Tisdale 2, bai yi kama da komai da ta gani a shekara bakwai ba: tarkacen duwatsu ne da suka manne, da sinadarin zinki mai yawa, daga zamanin da ya girmi na filin da muka ratso. A Nuwamba ta tarar da wata farar jijiya a ƙasa, kaurinta bai wuce santimita biyu ba, tsawonta bai kai rabin mita ba. Homestake aka kira ta. Jifsam ne, irin wanda ake zubawa a siminti, kuma ba ya taruwa a tsagar dutse sai ruwa ya bi ta cikinta. Opportunity ta ƙara shekara kusan bakwai a gefen wannan rami, tana hawa da sauka a gangare, har awonta ya kai kilomita 45.16 kafin guguwar ƙura ta rufe mata rana a Yunin 2018.