Yadda ake kamo ƙwayoyin da ke sulalewa daga tokamak

Wannan bayani na ɗalibanmu ne masu karanta fiziks a Akoka da Ojo, da masu gyaran kayan lantarki a Ikeja da ke son sanin abin da ya wuce allon waya. A lura, injin nukiliya na bincike da ke Zariya fasa ƙwayar zarra yake yi. Tokamak kuwa, injin ne mai siffar zobe da ke riƙe filasma (iskar gas mai tsananin zafi da ƙwayoyinta ke ɗauke da caji) da ƙarfin maganaɗisu, haɗa ƙwayoyin yake, kuma sai an je irin su Garching a Jamus ko San Diego a Amurka ake ganin sa.

Idan diyuteriyam da tiritiyam, nau'o'in haidurojin masu nauyi, suka haɗe, ana samun niyutron mai ƙarfin MeV 14.1 (MeV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne) da ƙwayar alfa, wato cibiyar zarrar hiliyam, mai MeV 3.5. Niyutron ba shi da caji, ficewa yake, haka ma ake so. Alfa kuwa dole ta zauna ciki ta juye wa filasma zafinta. In ta sulale tun ba ta huce ba, an yi biyu babu: filasma ta rasa zafi, bango kuma ya sha ƙuna a wuri guda. Abubuwan da ke koro ta sun haɗa da ɗan raunin maganaɗisu a tsakanin naɗe-naɗen waya, da igiyoyin Alfvén, wato girgizar layukan maganaɗisu a cikin filasma, masu kaɗawa sau dubbai ɗari a daƙiƙa.

Ita na'urar da ke kamo ƙwayoyin ba ta da girma. Ɗan kai ne na gawayin girafat a bakin sanda, ana tura shi dab da gefen filasma. A jikinsa akwai ɗan rami, bayan ramin akwai tsaga, a ciki kuma faranti ne da aka shafa wa hoda mai walƙiya idan ƙwaya ta buge ta. Maganaɗisun tokamak ɗin ne ke yin tantancewar. Kamar ɗan acaba a shataletale, mai gudu da nauyin kaya shi ke ɗaukar kwana mai faɗi. Alfa a maganaɗisu mai ƙarfin tesla 5.3, irin wanda aka tsara wa ITER, babban tokamak da ake ginawa a Faransa, tana zagaye mai nisan kusan santimita 5 daga tsakiya, diyuteriyam mai keV 93 (keV dubu ne MeV ɗaya) a tesla 2.5 kuwa kusan santimita 2.5. Don haka inda hasken ya faɗo a farantin shi ke nuna faɗin zagayen da kuma karkatar tafiyar ƙwayar. Ana raba hasken biyu: kyamara ta nuna wuri, bututun ƙara haske su nuna lokaci.

Zaɓen hoda ba abin wasa ba ne. Hodar da ake kira P56 tana ɗaukar kusan milisakan 2 kafin haskenta ya mutu, igiyar Alfvén ta riga ta kaɗa ɗaruruwa. TG-Green kuwa kusan rabin maikurosakan ne, shi ya sa da ita ake iya cewa ga igiyar da ta koro ƙwayoyin.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen fassara. Farantin faɗin zagaye kawai ya sani, bai san sunan ƙwaya ba. A filasmar diyuteriyam, furoton mai MeV 3 da tiriton (cibiyar zarrar tiritiyam) mai MeV 1 wuri ɗaya suke faɗawa. Sannan dole a sake lissafa taswirar farantin a kwamfuta duk lokacin da ƙarfin maganaɗisu ya sauya, in ba haka ba lambobin ƙarya ne. Zafi yana rage hasken hoda, niyutron da hasken gama kuma suna dusashe zaren gilashin da ke ɗauko hasken.

Saboda haka a tokamak ɗin JET da ke Ingila, wanda ya kammala aiki a 2023, an haɗa da kofunan Faraday: siraran fallayen nikel a jere, da abin hana wuta wucewa a tsakani. Fallen da ƙwaya ta tsaya a kai shi ke nuna ƙarfinta, kuma lantarki ake aunawa kai tsaye. Sun fi jure niyutron, sai dai siginarsu ƙarama ce ƙwarai, hayaniyar wayoyi na iya haɗiye ta.