Mako na uku a ƙarƙashin Hilux ɗin Kawu

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Tun farkon watan nan nake fama da Hilux ɗin Kawu, ƙirar 2010, mai fowil, wadda yake jigilar buhuna da ita daga gona zuwa kasuwar Dawanau. A kan kwalta mai kyau shiru kake ji. Da zarar ta sauka gargada, ko ta hau tudun rage gudu a hankali, sai ka ji gwaf sau ɗaya daga gaba, ɓangaren dama, har cikin tafin ƙafarka.

Makon farko linkej na canza, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar hana tangaɗi da ƙafar mota, don kowa na tambaya shi yake ambata. Tsohon ya ɗan saki, ƴar ƙwal-ƙwal ɗin da yake yi ta tafi, amma gwaf tana nan daram. Daga baya Oga, wanda nake koyon aiki a wurinsa, ya nuna mini gwajin da ba ya cin ko sisi: ka kwance linkej na gefe biyu, ka ɗaure sandar da waya, ka ɗan zaga unguwa a hankali. In ƙarar ba ta ɗauke ba, to ba shi ba ne.

Mako na biyu na sa jak a ƙarƙashin shasi, taya ta tashi, na kama ta sama da ƙasa na girgiza, na kama hagu da dama na girgiza. Ko motsi. Har na ce wa Kawu ƙafar motarsa lafiya lau. Da na ba Oga labari, abu ɗaya ya tambaye ni: "A ina ka sa jak ɗin?"

A nan nake so ku tsaya da ni, don nan ne na ɓata kwana bakwai. Daga ƙirar 2005 Hilux ta bar tsohon tsarin sandar murɗi da akwatin sitiyari, ta koma sifirin mai naɗi da ke zagaye da shakazoba, da kuma rak, sandar sitiyari mai haƙora. Gindin shakazobar a kan hannun ƙasa yake zaune, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar taya daga ƙasa, saboda haka nauyin gaban motar ta bol joyin na ƙasa, gaɓar da ke haɗa hannun da ƙafar tayar, yake bi kafin ya isa taya. In ka ɗaga ta shasi, sifirin zai tura hannun ƙasa ya ɗame joyin ɗin, duk sakin da ke ciki ya ɓuya. Hannunka ba zai fi ƙarfin sifirin ba.

Ranar Asabar na sake gwadawa. Na tokare tayoyin baya da dutse, na sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da taya, na ɗaga kamar tsayin yatsu biyu, na kafa matokari a shasi. Don Allah kada ku shiga ƙarƙashin mota kuna dogara da jak kaɗai. Ƙanena ya zura liba a ƙasan tayar yana ɗagawa yana saki, ni kuma na kwanta na ɗora yatsa a kan joyin ɗin. Kafin kunnena ya ji komai yatsana ya ji, yana hawa yana sauka. Na haska fitilar waya, sai ga robar ta tsage ta baya, inda ido ba ya kaiwa. Giris ɗin ya bushe ya cakuɗe da ƙura, ga wani jan gari na tsatsa ya zubo a bakin tsagar. Jikina ya yi sanyi, don duk mun sha ganin mota ta durƙusa a bakin hanya, taya ta lanƙwashe a ƙarƙashinta, kuma wannan buhunan masara take ɗauka.

Sauran na bi su da sauri. Don a raba boris, wanda taya ke juyawa a kansa, da joyin, sai wani ya taka birki kana girgiza tayar: in sakin ya ɓace, boris ne. Namu bai ɓace ba. Tayirod kuwa, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, taya tana ƙasa ake duba shi, ɗaya yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, ɗaya ya dafa kan tayirod ɗin. Lafiya yake. Na juya kan motar har ƙarshe na zaga fili, babu kaf-kaf-kaf ɗin shaf mai juya taya, famfon sitiyari ma ba ya kuka.

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon joyin ɗin a leda don a gwada da sabo, na sayo biyu, tunda shekarunsu ɗaya kuma hanya ɗaya suka sha. Na sa sabon fin a notin, aka yi alaimen. Gwaf ta tafi.

Yanzu da ta yi shiru, sai wata siririyar ƙiii ta fito in an danna gaban motar. Na watsa ruwan sabulu a bushin na hannun sama na hagu, wato robar da ke mahaɗarsa da shasi, ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, don haka shi nake zargi. Oga ya riga ya gargaɗe ni kada in ɗaure notinsa tamau sai motar ta sauka ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage da wuri. Kawu ya ce zai bar mini ita ranar Asabar bayan azahar.