Laraba: Mazarin Hajiya da Baƙin Rami

Tun asuba aka ɗauke wuta, sai na rataya jaka na tafi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, don ranar Litinin zan yi jawabi gaban 'yan ajinmu kan juyawar baƙin rami, wato wurin nan a sararin samaniya da ƙarfin jansa ke haɗiye duk abin da ya matso shi sosai.

Abin da ya riƙe ni har azahar shi ne yadda ake auna juyin abin da ko haske ba ya kuɓuce masa. Ashe maƙwabcinsa ke tona masa asiri. Wani baƙin rami mai suna Cygnus X-1, wanda nauyinsa ya ninka na rana kusan sau 21, suna zagaya juna da wani ƙaton tauraro duk kwana 5.6, yana zuƙar iskar gas daga jikinsa. Gas ɗin kan yi faifai kewaye da ramin, ya yi zafi har ya riƙa fitar da hasken eksire. Idan ramin ba ya juyi, bakin faifan daga ciki yakan tsaya can nesa. Idan kuwa yana juyi iya ƙarfinsa, kuma gefen da gas ɗin ke bi, tazarar takan ragu har ta koma kusan kashi ɗaya bisa shida, zafin ya ƙaru. Daga zafin nan ake lissafo juyin.

Lissafin da masanin lissafi Roy Kerr ya fitar a 1963 daga nazariyyar Einstein kan ƙarfin jan nauyi ya nuna ma'aunin juyin daga 0 yake zuwa 1, bai wuce nan. Na Cygnus X-1 ya haura 0.95, yana bakin katanga ke nan. Ranar da aka tabbatar da wanda ya tsallake 1, to Einstein na da tambayar amsawa.

Da la'asar na hau adaidaita zuwa cikin birni, ta Ƙofar Doka, gaida Hajiya. Na iske ta fito da tsohon mazarinta tana nuna wa jikoki kaɗi. Na tsaya ina kallon yadda zare ke nannaɗuwa, na ce, "Hajiya, yau wuni na yi ina karatun mazarin da ke sama."

Ta ce, "To maigida, shi wa ke murza shi?"

Na yi dariya, amma tambayar ta zauna mini. Ko da juyinsa aka haife shi lokacin da tauraron da ya zama shi ya rushe, ko abin da yake haɗiya ne ke ƙara masa, har yanzu masana na ja-in-ja. Ga kuma wani ƙulli: ramukan da na'urar LIGO, mai gano girgizar sararin samaniya, ke jiyo karonsu da juna tun 14 ga Satumba 2015, yawancinsu juyinsu kaɗan ne kafin su haɗe, ba kamar masu eksire ba. A ganina nan jawabin ya kamata ya fi daɗewa.

Ta cika mini kwano da dambu. Na dawo bayan isha, wutar dai shiru, da fitilar waya nake gyara shafi na huɗu.