Abin da na koya a wurin tantance masu taya alƙali yanke hukunci

Yanzu da na ajiye aikina na mataimakin lauya a wani ofishin masu gabatar da ƙara a Amurka, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranakun da ake tantance mutum 12 da za su taya alƙali yanke hukunci. Ana iya cire mutum bisa hujjar da alƙali ya gamsu da ita, kamar dangantaka da wanda ake tuhuma, sannan kowane ɓangare yana da damar cire wasu ba tare da bayani ba. A manyan laifuffuka a kotunan tarayya, mai gabatar da ƙara yana da dama 6, mai kare wanda ake tuhuma yana da 10. A wannan hanya ta biyu, ta cire mutum ba tare da bayani ba, ɓarnar take.

Shugaban sashenmu yakan ba ni takardun tambayoyin da mutanen suka cike, ya ce in yi alama da jan biro a kan mazauna wasu unguwanni, in kuma nemo wa kowannensu dalili tun kafin ya buɗe baki a kotu: wannan ba shi da aiki, wancan an taɓa kama ɗan'uwansa. Ya san sarai cewa tun 1986, a shari'ar Batson, Kotun Ƙoli ta haramta cire mutum saboda launin fatarsa, ya kuma san cewa alƙalai sukan karɓi kusan duk dalilin da ba a ambaci launi a cikinsa ba. Wata dattijuwa baƙar fata, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, ta amsa kowace tambaya a natse, jakarta a kan cinyarta, amma aka sallame ta wai don ba ta haɗa ido da lauya.

Da na nuna masa cewa akwai fararen fata masu irin waɗannan amsoshin da ba mu taɓa ba, sai ya ce ni baƙo ne, ban san ƙasar ba tukuna. Daga nan aka mayar da ni ɗakin ajiyar fayil. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin irin wannan kwatancin ne Kotun Ƙoli ta yi a 2019 da ta soke hukuncin Curtis Flowers, wanda aka gurfanar sau 6 a Mississippi, mai gabatar da ƙara yana cire baƙaƙen fata 41 daga cikin 42.

Na koyi neman kowane umarni a rubuce, na kuma koyi girmama akawunan kotu, domin su suka fi kowa sanin halin alƙali. Ingila ta soke damar cire mutum ba tare da bayani ba a 1988, jihar Arizona ta bi sahu a 2022, kuma bayan abin da na gani ina ganin ya kamata sauran jihohi su yi haka.