Abin da tsohon injin Wadkin ya koya min a shago

Duk wanda zai sayi tsohuwar jointa, injin nan da ke miƙar da fuskar katako da gefensa kafin a haɗa, don Allah kar fenti ya ruɗe shi. Masu sayarwa sun iya shafa kore ya yi ta ƙyalli, alhali aikin duk a kan teburan injin biyu yake, na gaba da na baya, ka ɗora doguwar rula ta ƙarfe ka leƙa, in haske na wucewa ta ƙasa to ka rage kuɗi ko ka haƙura.

Nawa Wadkin ne, kamfanin Leicester a Ingila da aka kafa tun 1897, zubin ƙarfe ne mai nauyin tsiya shi ya sa ba ya rawa in yana gudu. Tsatsa ta rufe teburin, kananzir da samfefa mai laushi na bi shi da su a hankali, yara suka ce oga mu sa giranda mana ta fi sauri na ce a'a, giranda cin ƙarfe take ta bar kwari, kuma kwarin nan ba ya cikuwa. Boris kuwa ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, lambar jikinsa za a duba. Notocinsa na inci ne irin na Turawan Ingila, sifanar milimita sai ta ƙi kamawa ta cinye maka kan noti.

Inda aikin yake wajen saita wuƙaƙe. Dole bakin kowace wuƙa in ta juyo sama ya zo daidai da teburin baya, wanda katako ke sauka a kai. In teburin ya yi ƙasa sai ka ga ta kwashe ƙarshen katakon ta bar rami, in ya yi sama katakon ya riƙa tokarewa yana fitowa da siririn kai, in kuma wuƙa ɗaya ta fi sauran tsawo ita kaɗai ke aiki, nan da nan ta dakushe. Ni guntun katako miƙaƙƙe nake ɗorawa in juya kan da wuƙaƙen ke jiki da hannu (wuta a kashe fa), kowace wuƙa ta ja shi kamar milimita 3, hagu da dama.

Ba na cin fiye da milimita 1 zuwa 2 a wucewa ɗaya, balle maɗaci mai murɗaɗɗiyar tsokar nan da ke yagewa in ka bi ta baibai. Guntun da bai kai santimita 30 ba ba ya hawa injina ko waye ya kawo, kuma da katakon turawa ake turawa ba da tafin hannu ba, wuƙar nan tana juyi dubbai a minti ɗaya.

Sai katakon Kudu da muke saya a Na'ibawa, da danshinsa yake zuwa, ka miƙar yau hunturu ya lanƙwasa maka shi jibi, kwastoma ya ce injinka ne. Yanzu jera shi nake a inuwa da tsinke tsakani ya sha iska tukuna, mai gaggawa ya je gaba.