Abin da na ɗauko daga sashen zuciyar yara

Na ajiye aiki satin nan a asibitin da nake nan Turai, kuma tunda ƙannena masu karatun nas suna ta tambayar abin da na koya a can, bari in faɗi darasin da ya tsaya min a rai.

Duk wadda ta yi jinyar yaron da ke kan Berlin Heart, wato famfon da ke taya zuciya mai rauni buga jini, ta san yadda abin yake. Famfon a waje yake, kwance a kan cikin yaro, robobi sun ratsa fata har zuciya, injin Ikus na gefen gado yana tura iska tana buga jinin. Famfon jarirai mililita 10 kacal yake ɗauka, kuma yaro sai ya yi wata da watanni a kai yana jiran zuciyar dashe. Babban tashin hankalin gudan jini ne, in ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa to shanyewar ɓarin jiki ce, shi ya sa ake ta haska famfon da tocila, a sa madubi a leƙa ƙasansa.

Wani dutin dare na haska famfon wata yarinya sai na ga ɗan fari-fari kusa da bawul ɗin famfon, bai kai ƙwayar gero ba. Na kira ogar tamu, ko sunkuyawa bata yi da kyau ba ta ce ƙyallin tocila ne, wai ban saba ba tukuna. Ban yi musu ba, na dai rubuta a fayil har da lokaci, na zana inda yake. Washegari abin ya yi duhu ya girma, aka canza famfo a gurguje, Allah ya tsare yarinyar. To a mitin sai matar nan ta buɗe baki ta ce wai nas ɗin dare bata sanar da kowa ba, ina zaune fa wallahi! Likitan fiɗa ne ya jawo fayil ya karanta rubutuna a gaban kowa. Haƙuri? Ina. Sai ma dutin ƙarshen mako da aka fara jera min.

Don haka komai kika gani rubuta shi nan take, in an raina maganarki kira likita da kanki. Maganin tsinka jini, heparin ne ko warfarin, ba a yi masa lissafin ka. Uwar yaro kuma ki saurare ta, ita ke kwana da sautin injin.

Ogar kuwa na ji an ƙara mata girma.